Bin Sawun Wuta

Ina ɗan shekara 14 wutar fulogi ta fara kama ni, kwana uku da kai ni gareji a Tudun Wadar Kaduna, cikin 1974. Wata Land Rover ce ta ƙi tashi. Maigidana ya zare waya guda daga kan fulogi ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe nan, yaro, kada ka saki." Ya ɗaga wa direba hannu, direba ya murɗa makulli. Ban san sa'ad da na yi tsalle na kifar da kwanon sifanu ba. Manyan yaran gareji suka tuntsire da dariya. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba, sai ya dubi direba ya ce, "Akwai wuta. A duba mai."

Da ni aka yi awon ranar, kuma awon bai yi ƙarya ba, datti ne ya toshe kabireta. Haka aka karɓe ni cikin 'yan rewaya, wato masu gyaran wutar mota. A gareji kowa da gonarsa: ga bakanike na inji, ga mai bugun jiki, ga mai fenti, ga mai batir, ga mai faci a bakin titi. Amma duk ranar da mota ta ƙi tashi da safe, mu ake fara aika wa yaro, domin kafin a kwance kusa ko ɗaya sai an san amsar tambayar da maigidana ya amsa da hannuna.

Ƙin tashi iri biyu ne, kuma abin da ake fara koya wa yaro ke nan. Akwai motar da za ka murɗa makulli ka ji shiru, ko ka ji ƙas sau ɗaya. Wannan maganar batir ce, ko kan batir ya yi tsatsa, ko kik. Akwai kuma wadda injinta ke juyawa, yana ta gurnani, amma ba ya kamawa. Ita ce tamu ta gaske. Injin fetur abu uku yake nema: mai da ya gauraya da iska, matsi a cikin silinda, da tartsatsi a daidai lokacinsa. Injin gas babu ruwansa da tartsatsi, zafin matsi ke kunna mansa, shi ya sa direbobin manyan Marsandi ba su cika tsayawa wurinmu ba sai don fitila ko caji.

Tsofaffin da na tarar sun yi aiki da abin da ya riga batir, wato maganeto. Kamfanin Bosch da ke Stuttgart a Jamus ne ya fito da irinsa mai ƙarfin wuta tare da fulogi a 1902, aikin wani injiniyansu Gottlob Honold. Maganeto da kansa yake haifar da wutarsa, maganaɗisu ne ke juyawa kusa da naɗin waya, ba ya roƙon komai wurin batir. Aibinsa ɗaya, sai inji ya juya da ɗan sauri yake ba da wuta mai kyau, kuma a zamanin hannun mutum ke juya inji. Handul ake zurawa ta gaba a wana. In lokacin wuta ya yi gaba, inji ya mayar da bugu, handul ya dawo wa mai shi. Akwai wani dattijo da ke zama a garejinmu yana shan inuwa, tsohon yaron mota, wuyan hannunsa na dama a karkace. Shi ya koya mini kada in zagaya babban yatsa a kan handul, in ajiye shi gefe ɗaya da sauran yatsu, in kuma ja sama maimakon in danna ƙasa. Land Rover na lokacin duk suna da ramin handul a gaba, kuma na wana su ba adadi. Maganeto bai mutu ba har yau. 'Ya'yansa na nan cikin ƙaramin janareto da injin ban-ruwa na 'yan fadama.

Tsarin da na ci abinci da shi shekara ashirin da wani abu daga Amurka ya fito. Charles Kettering, a garin Dayton na jihar Ohio, shi ya haɗa batir da kwayil da kwantak da kwandansa da distiributa suka zama abu guda, Cadillac ta sa shi a motocinta a 1910. Bayan shekara biyu, a 1912, ya ƙara musu kik na lantarki, handul ya fara zama abin ajiya. Sunan kamfaninsa Delco. Ban san wannan suna yana yawo a bakin Hausawa ba sai da na je Maraɗi a 1983 gyaran motar wani ɗan kasuwa. Bakaniken can ya leƙa inji ya ce, "Malam, delko ne." Na ce mene ne delko? Ya nuna mini distiributa. Ashe Faransawa sunan kamfanin suka laƙaba wa abin, mutanen Nijar suka gada. Fulogi ma buji suke ce masa. Muka yini muna aiki a kan inji ɗaya, Hausa ɗaya, kowa na nuna wa ɗan'uwansa ƙarfe da yatsa.

Ga yadda abin yake, kamar yadda maigidana ya zana mini a ƙasa da tsinke. Batir na ba da volt 12, wanda ko ƙuda ba zai tsorata ba. Kwayil naɗin waya biyu ne a cikin gwangwani, ɗaya mai kauri gajere, ɗaya siriri mai dubban zagaye. Kwantak ƙofa ce ƙarama cikin distiributa, tana buɗewa tana rufewa yayin da inji ke juyawa. Idan ta rufe, kwayil na tara ƙarfi. Idan ta buɗe farat ɗaya, ƙarfin ya rushe, sai wuta ta haura volt dubu goma sha biyar zuwa ashirin a siririn naɗin. Nan yara ke yin kuskure, suna zaton rufewa ce ke ba da tartsatsi, alhali buɗewa ce. Kwandansa, ɗan gwangwani kamar kan yatsa, shi ke shanye wutar da za ta tsallake bakin kwantak ta ƙone shi. Daga kwayil wuta ta bi waya zuwa tsakiyar hular distiributa, rota ya raba ta ga fulogi huɗu bi da bi. Distiributa na zagaye ɗaya duk sa'ad da inji ya yi biyu.

Duk wannan da ido ake ganinsa, da hannu ake taɓa shi, kuma abin da ya sa sana'ar ta karɓi yara irina ke nan waɗanda ba su wuce firamare ba. Bin sawu ake yi, kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Ka zare wayar tsakiya, ka kusantar da ita jikin inji tazarar kaurin fensir, a buga kik. In ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas, to kwayil da kwantak lafiya, laifin na gaba: hula, rota, wayoyi ko fulogi. In ja ne ko rawaya, siriri, yana zuwa yana ɗaukewa, ka zargi kwandansa ko kwantak da ya ci wuta. In babu komai, ka koma baya. Kayan aikinmu ƙwan fitila ne da aka lanƙaya wa waya biyu. Ka taɓa shi a kan kwayil makulli na buɗe, in bai kama ba wutar ba ta iso ba, ka bi ta har makulli. In ya kama, ka koma ɗaya kan kwayil ɗin a buga kik. Ƙwan da ke ƙyaftawa yana gaya maka kwantak na aiki. Wanda ya tsaya a kunne ko a mace ya riga ya nuna maka ɓarawon.

Tazarar bakin kwantak milimita 0.4 ce a yawancin motocin nan. Ma'aunin tazara ɗaya ne a garejinmu, yana aljihun maigida, ba ya ba da aro. Mu da kwalin ashana muke aunawa, kuma bai cika ba mu kunya ba. Taimin kuwa da takardar cikin kwalin sigari: ka maƙala ta a bakin kwantak, ka juya distiributa a hankali, daidai inda takardar ta zare nan wuta ke tashi. Bakin kwantak in ya yi ƙuraje sai a goge shi da ɗan fayil. Fulogi a wanke da fetur, a kankare, a ɗan ƙona shi in ya jiƙe. Ba a jefar da abu sai ya mutu sau uku.

Na shigo sana'ar a kan gaɓa. A 1972 ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama, a farkon 1973 naira ta maye gurbin fam. A 1975 kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi, suka faɗo hannun ma'aikata, a shekarar kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, nan cikin Kaduna, Volkswagen kuma ta buɗe tata a Legas. Malamin makaranta da akawu suka zama masu mota. Motocin Ingila, su Morris da Austin, suka fara ja da baya, Fijo 404 da 504 suka cika gari, daga gidan gwamnati har tashar Kawo. Kowace ƙasa da halin wutarta. Ta Ingila kayan Lucas ne, kuma ra'ayina ba su son damina ko kaɗan. Fijo na zuwa da Ducellier ko Paris-Rhône. Na Jamus Bosch ne, ba su cika kawo ƙara ba. Wasu motocin Japan kuma suna da wani farin dutse kusa da kwayil mai rage wuta. Ranar da ya ƙone, mota za ta kama muddin kana riƙe da makulli a kan kik, kana saki ta mutu. Wanda ya taɓa ganin wannan sau ɗaya, daga nesa yake gane shi, ya gyara cikin minti biyar, mai mota ya ɗauka ko yana da aljanu.

504 ce ta koya mini kunya. Tsarin tashin wutarta 1-3-4-2 ne, kamar yawancin injuna masu silinda huɗu, in ka cire irin Volkswagen mai inji a baya da ke bin 1-4-3-2. Na haddace wannan kamar karatun allo. Abin da ban sani ba, Faransawa daga baya suke fara ƙirga silinda, ta wajen giya, saɓanin Ingilishi da ke farawa ta wajen fanka. Wani Alhaji ya kawo tasa a canza wayoyin fulogi, maigida ba ya nan, na cire duka huɗun lokaci guda don in nuna na iya. Na duba alamar da aka yi wa hular, na mayar da su ina ƙirgawa daga gaba. Aka buga kik, kabireta ta yi tari ta tofo wuta, salansa ta harba kamar bindigar toka. Alhaji ya ja da baya yana salati. Motar da ta shigo da ƙafarta ta kwana a gareji. Da maigida ya dawo bai zage ni ba. Ya sa na cire fulogi na ɗaya, na toshe ramin da tsumma, na juya inji da hannu har matsi ya tunkuɗo tsumman, sannan ya ce in duba inda rota ke kallo. "Inji ba ya karanta lamba," ya ce. "Ka tambaye shi." Tun daga ranar waya ɗaya-ɗaya nake canzawa.

Shekara ma tana da nata jadawalin. Da damina, asubar da aka kwana ana ruwa, layi ake yi. Raɓa ta kwanta cikin hular distiributa, wuta ta bar hanyarta ta bi danshi. Ka buɗe, ka goge da busasshen ƙyalle, mota ta tashi. In ka duba da kyau ka ga wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir a cikin hular, to wuta ta riga ta yi wa kanta burtali, gogewa ba ta magani, sai sabuwa. Direbobin haya sukan ɗaure wa distiributa safar hannu ta roba, kowace waya ta fita ta yatsa guda, huɗu na fulogi, na biyar na kwayil. Da hunturu ƙura ce ke cinye ɗan dunduniyar da ke ɗaga kwantak, tazara ta riƙa raguwa har ƙofar ta daina buɗewa. Da bazara kwayil ke zafi, mota ta mutu a tsakiyar hanya, a jiƙa tsumma a naɗa masa, a jira.

Abin da ya fara ɓata mana sana'a ba fasaha ba ce, kuɗi ne. Daga 1986, da aka shigo da SAP, wato shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, naira ta fara zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara na asali suka fi ƙarfin mai tsohuwar mota. Kasuwa ta cika da jabu. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, kwandansa ya yi mako biyu ya mutu. Nan bin sawu ya rikice, domin ƙa'idarmu ita ce abin da ka sa sabo ka cire shi daga zargi. Na taɓa kwana biyu a kan mota ɗaya, na canza kwayil, na canza wayoyi, ashe sabon kwandansan da na saya da hannuna ne matacce tun daga kwali. Daga nan muka koma fifita tsoho na asali a kan sabo. Mu tafi Panteka ko mu aika Ƙofar Ruwa a Kano a nemo wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari. Har yau in ka ji bakanike na cewa a samo ɗan Beljiyam, wato tsoho na asali, daga wannan zamanin maganar ta samo tushe.

A can ƙasashen da ake ƙera motocin kuwa, tuni an yi wa kwantak ritaya. Chrysler ta sa wutar lantaronik a duk motocinta na Amurka a 1973, sauran suka biyo baya. An cire ƙofar da ke buɗewa da rufewa, aka sa ɗan maganaɗisu mai jin juyawar inji da wani baƙin akwati da ke yanke wuta. Mu ba mu ji a jikinmu sosai ba sai da motocin Kwatano, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, suka fara kwararowa a shekarun 1990. Na tuna ranar da na buɗe hular wata Honda ina neman kwantak in goge, na tarar babu abin gogewa. Na tsaya riƙe da fayil kamar wanzamin da aka kawo wa mai sanƙo.

Sai na faɗi gaskiya a kan abin da muka yi wa motocin nan, da ni a ciki. Dabarun da suka yi mana rana a da su suka riƙa kashe su. Mun saba cire kan batir inji na aiki don mu ga ko caji na yi, a 504 babu abin da zai faru, a mota mai birenbos, wato kwamfuta, kuwa kana iya ƙona kwamfutar nan take. Mun saba barin wayar fulogi na lilo a iska ana buga kik, wutar da ta rasa inda za ta sauka ta koma ta huda kwayil ko ta kashe baƙin akwatin. Da abin ya gagare mu sai muka ce laifin motar ne. Motoci da yawa masu injekta an ciro musu kayansu an dasa kabireta da tsohon distiributa, mai mota ya biya kuɗi a mayar da motarsa baya shekara ashirin, ya tafi yana godiya, tana shan mai kamar raƙumi. Wasu cikinmu sun yi suna da wannan aiki. Ni ma na yi guda shida ko bakwai kafin wani yarona da ya yi makarantar koyon sana'a ya zaunar da ni, cikin ladabi, ya nuna mini da mita cewa abin da ya kashe ta ƙarshen wata 'yar waya ce ta ƙasa da ta yi tsatsa.

Daga baya distiributa kansa ya tafi. Yanzu wani ɗan sensa ne ke zaune kusa da haƙoran da ke juyawa tare da inji, yana ƙirga su yana gaya wa kwamfuta, ita kuma ta umarci kwayil, wanda a motoci da yawa kowane fulogi da nasa a kansa. In sensan nan ya mutu, babu wuta, babu mai, domin kwamfuta ba ta ma san inji na juyawa ba. Ga kuma makulli mai ƙwaƙwalwa, wanda Jamus ta wajabta wa sababbin motoci daga 1998 don maganin ɓarayi. Mutum ya yanko makulli a kasuwa, ya buɗe ƙofa lafiya, kik ya juya lafiya, mota ta ce ba ta san shi ba. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin fetur, doka ta sa kowace mota ta zo da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta faɗi abin da ke damunta. Yaran yanzu da wayar hannu suke karantawa.

Ba na cikin tsofaffin da ke zagin na'urar. Ta rage mana wahala, kuma mota ta yau takan yi shekaru ba a taɓa wutarta ba, abin da 504 ba ta taɓa yi ba. Inda nake faɗa da yarana shi ne, na'ura na faɗin inda mota ke kuka, su kuma sai su ɗauka ta faɗi abin da za a saya.

Watan jiya aka jawo wata 406 da igiya daga wajen Kawo. Mai ita malamin asibiti ne, ya ce in ta yi zafi sai ta mutu, in ta huce ta tashi, yau kuma ta ƙi gaba ɗaya. An riga an canza masa sensa sau biyu a wani wuri. Jikana, wanda yanzu shi ke riƙe da garejin, ya jona na'ura, ta nuna P0335, wato layin sensan juyawar inji. Ya ce, "Baba, sensa ne, jabu suka sa masa. A samo ɗan Beljiyam." Na ce ya buga kik in gani. Allurar da ke nuna juyin inji ko motsi ba ta yi ba. Na ce ya sake, ni kuma na zura hannu bayan inji na kama wayar sensan na ɗan girgiza ta. Allura ta yi tsalle, inji ya yi tari sau ɗaya. Muka bi wayar da fitilar waya, taƙi ɗaya daga soket muka tarar ta goge a jikin ƙarfe, roba ta narke, zare biyu kawai suka rage a ciki. Ya yanke, ya haɗa da dalma, ya naɗe, ya ɗaure ta nesa da zafi.

Malamin ya tambayi kuɗinsa. Jikana ya dube ni, domin babu kayan da aka saya balle a ɗora riba a kai, kuma bai san yadda ake sa wa taƙin waya farashi ba. Na ce ya karɓi kuɗin awa biyu. Da motar ta fita ya ɗauko ƙwan fitilata mai waya biyu daga cikin akwati, ya jujjuya shi, ya tambaye ni ko yana aiki har yanzu. Na ce ya taɓa a batir ya gani, amma kada ya kusantar da shi wayoyin kwamfuta, yana jan wuta fiye da abin da take iya ɗauka. Ya taɓa, ƙwan ya kama.